Kiran Bidiyo: Yadda Yake Aiki da Kamfanonin da Suka Raine Shi

1.0 Gabatarwa

Kiran bidiyo shi ne hirar da mutane biyu ko fiye suke yi daga nesa, suna jin muryar juna, suna kuma ganin juna a lokaci guda. Jama'a da dama sun ɗauka fasahar ta zo ne tare da wayar salula, alhali kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Wannan takarda za ta bayyana yadda kiran yake aiki, da abin da ya hana shi karɓuwa da wuri, da kamfanonin da suka yi gogayya a kansa.

2.0 Yadda Kiran Yake Aiki

Kyamara tana ɗaukar hotuna a jere, kimanin 30 a daƙiƙa ɗaya, ido kuma ya gan su tamkar motsi. Idan aka ce za a aika da kowane hoto ɗungurungum, layi ba zai iya ɗauka ba. Saboda haka sai a matse su, wato a aika da cikakken hoto ɗaya, bayansa kuma a riƙa aika abin da ya canza kawai. Alal misali, bangon da ke bayan mai magana ba ya motsi, don haka ba a maimaita shi. Leɓɓa da idanu ake bi. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, wato ITU, ta fitar da ƙa'idojin wannan matsi, kamar H.261 a 1988 da H.264 a 2003.

Daga nan sai a yayyanka hoton da muryar zuwa ƙananan ƙunshi, su bi intanet, a sake harhaɗa su a ɗaya ɓangaren. Ƙunshin da ya makara ba a jiran sa, domin jinkiri yana ɓata hira. Wannan shi ya sa hoto kan daskare idan layi ya yi rauni, alhali murya tana ci gaba, saboda ita ba ta da nauyi.

3.0 Gwaje-gwajen Farko

A 1936 hukumar gidan waya ta Jamus ta buɗe layin kiran bidiyo tsakanin Berlin da Leipzig, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shi. A 1964 kamfanin AT&T na Amurka ya nuna na'urarsa mai suna Picturephone a bajekolin duniya na New York. Kiran minti uku daga New York zuwa Washington dala 16 ne, zuwa Chicago kuwa dala 27. A 1970 aka fara sa wa masu buƙata na'urar a birnin Pittsburgh a kan dala 160 a wata, amma kasuwarta ba ta yi armashi ba.

Dalilan faɗuwarta biyu ne. Na farko tsada, domin hoto ya fi murya cin layi ninki ɗaruruwa. Na biyu kuwa, na'urar ba ta da amfani sai wanda za a kira shi ma yana da ita. Kowa ya zauna jiran wani ya fara saye.

4.0 Kamfanonin Zamanin Intanet

Intanet ce ta warware matsalolin nan biyu, domin kwamfuta da salula sun riga sun shiga hannun jama'a. A 2003 Niklas Zennström na Suwidin da Janus Friis na Denmak suka kafa Skype, masana daga Estoniya suka rubuta manhajar. Da murya ta fara, aka ƙara bidiyo daga baya. Kamfanin eBay ya saye ta a 2005, sannan Microsoft ya saye ta a 2011 a kan dala biliyan 8.5.

Apple ya fito da FaceTime a 2010. WhatsApp, wadda Facebook ya saya a 2014, ta fara kiran bidiyo a 2016. Da yake lambar waya kaɗai take buƙata, ta zama hanyar gaisawa tsakanin matafiya da iyalansu. Eric Yuan ya kafa Zoom a 2011. Bisa alƙaluman kamfanin, masu shiga taro ta Zoom a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, lokacin kullen annobar korona. Skype kuwa, duk da ita ta share fage, Microsoft ya rufe ta a Mayun 2025, ya karkata ga Teams.

5.0 Ina Ribar Kamfanonin?

Kiran da ake cewa kyauta ne akwai mai biya. Mai kira yana sayen data. Zoom tana yanke taron kyauta bayan minti 40, don ma'aikatu su biya kuɗin rajista. FaceTime tana taimaka wa Apple sayar da wayoyinsa. Akwai kuma batun sirri, tun da hirar tana ratsa na'urorin kamfani. A 2020 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta zargi Zoom da zuzuta tsaron hirarrakinta fiye da yadda yake, kamfanin kuma ya amince ya gyara.

6.0 Sunan Fasahar a Hausa

Hausa tana bin hanya biyu wajen raɗa wa baƙon abu suna: aro da ƙirƙira. "Salula" aro ce, "tafi-da-gidanka" kuwa ƙirƙira ce. "Kiran bidiyo" ya haɗa hanyoyin biyu, domin "kira" kalmar gida ce da ma'anarta ta faɗaɗa, "bidiyo" kuma ararriya ce da aka daidaita da furucin Hausa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ƙirƙiro na'ura kaɗai bai wadatar ba, sai da layi ya yi arha, kayan aiki kuma suka yawaita a hannun jama'a. An kuma ga cewa fara shiga kasuwa ba ya tabbatar wa kamfani ɗorewa, kamar yadda ta faru da AT&T da Skype. Ana son ɗalibi ya tattara kalmomi goma da ake amfani da su a unguwarsu game da waya, ya ware na aro da na ƙirƙira.