Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Sulallan Azurfa Sun Yi Daraja A Gwanjon Landan

A Lafiyar Barebari, babban birnin Jihar Nasarawa, tsofaffi ba su manta da taro da sisi da sule da fataka ba. Waɗannan kuɗi sun shigo ƙasar ne ta hanyar biyan haraji da cinikin riɗi, suka kori wuri daga kasuwa. Ko da Naira ta zo a 1973, akwai ragowarsu a adakar mata, wasu kuma an kai wa maƙeran farfaru sun narke, sun yi awarwaro da zobba.

To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Landan akwai kamfanoni irin su Spink da Baldwin's masu yin gwanjon tsofaffin kuɗi, inda masu sha'awar tara su ke ja-in-ja a kan ƙwaya ɗaya tak.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. A 1913 ta fito da sulallanta masu kan Sarki Joji na Biyar, da bishiyar kwakwa a bayan sule da fataka. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin 1,000. A 1920 aka rage ta, sa'an nan aka koma farin ƙarfe mai ruwan tagulla. Saboda haka shekarar da ke jikin kuɗin ita ce abin dubawa na farko. Sai kuma ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, wanda ke nuna masana'antar Birmingham da ta buga shi.

Amma waɗanda suka fi tsada su ne waɗanda Turawa ke kira furuf, watau 'yan kaɗan da aka buga musamman don ajiya ko kyauta, ba don kasuwa ba. Akan goge maɗabin sosai, a buga fiye da sau ɗaya, har kuɗin ya fito yana sheƙi kamar madubi. Babban kuɗin azurfa na Sarauniya Biktoriya na 1847 yana cikin waɗanda aka fi nema. Irin waɗannan da wuya a same su a adakar tsohuwa, domin kuɗin da ya sha hannu ya riga ya side. Duk da haka, sule na azurfa mai tsabta, ko na shekarar da ba a buga da yawa ba, yakan fi nauyin azurfarsa kuɗi.

Don haka mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, in an tashi rabon gado a gida, a aika kada a yi gaggawar sayarwa a kan sikeli. Kada a huda, kada kuma a wanke da toka ko lemon tsami, domin gogewa tana karya darajarsa a wurin masu saye. A naɗe kowane ɗaya daban, a nuna wa wanda ya san su. Maƙeri nauyi kawai zai biya, kuma abin da ya shiga wuta ba ya komawa sule.