Mubi: Ƙwararrun da ke tsakanin mai ba da jini da mai karɓa

Ranar Talata, 1 ga Mayun 2018, ranar da ma'aikata ke hutun bikinsu na shekara, 'yan ƙunar baƙin wake biyu suka tayar da bama-bamai a wani masallaci da kasuwar da ke kusa da shi a garin Mubi na Jihar Adamawa, daidai lokacin da jama'a ke haramar sallar azahar. Hukumomi sun ce mutum kusan 30 ne suka rasu, amma waɗanda suka haƙa kaburbura sun ce sun binne fiye da 80. An kwashi waɗanda suka jikkata zuwa Babban Asibitin Mubi, aka wuce Yola da waɗanda raunukansu suka fi tsanani, tafiyar kilomita kusan 200 ta Hong da Gombi da Song.

Harin ya faɗo ne ana mako na biyu da fara yajin aikin gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta JOHESU, wadda ta ƙunshi nas-nas da masu harhaɗa magunguna da masana ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aikatan asibitin sun ajiye maganar yajin aiki suka koma bakin aiki a ranar. Wata biyar da 'yan kwanaki kafin wannan, ranar 21 ga Nuwamban 2017, an kashe aƙalla mutum 50 a wani masallaci da ke Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba. Mubi dai ta san ranar da ake neman jini da gaggawa.

A teburin tace labarai, rahoton irin wannan rana kusan kullum da jumla ɗaya yake ƙarewa: an yi kira ga jama'a su je asibiti su ba da jini. Daga nan sai mu rufe labarin, kamar da zarar matasa sun yi layi sun miƙa hannu an gama. Alhali tsakanin hannun mai bayarwa da jijiyar mai karɓa akwai aikin da in babu wanda ya iya shi, ledar jinin da aka ɗiba domin ceton rai tana iya zama ajalin mara lafiya.

Da farko sai an tantance mai bayarwa: shekarunsa su kai 18, nauyinsa ya kai kilo 50, a auna ƙarfin jininsa, a yi masa tambayoyi kan lafiyarsa. Bayan an ɗibi kimanin mililita 450, sai a gano rukunin jinin, A ne ko B ko AB ko O, sannan mai alamar Rh ne ko maras ita. Sai gwajin cututtuka huɗu da ƙa'ida ta wajabta: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C da tunjere. A ƙarshe a haɗa ɗan jinin mai bayarwa da ruwan jinin mara lafiya a ga ko za su zauna lafiya. Cikakken gwajin dacewar nan kan ci kusan awa ɗaya, kuma mutumin da jini ke kwarara daga jikinsa ba lallai yana da awa ɗayar ba. Shi ya sa ake son a samu jinin rukunin O maras Rh a ajiye, wanda za a iya ɗaura wa kusan kowa kafin sakamako ya fito. Matsalar ita ce masu wannan rukuni kaɗan ne ƙwarai a Najeriya, sai ma'ajiyar da ta san su da sunansu, ta kuma adana lambobin wayarsu, take iya samunsu da tsakar dare.

Tun 1901 da Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a Biyana ta ƙasar Ostiriya aka san abin da ke faruwa idan aka yi kuskure. Jikin mai rukunin O da aka ɗaura wa jinin A yakan far wa baƙin ƙwayoyin ya farfasa su, zazzaɓi da rawar sanyi su taso, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya. Abin lura shi ne, a ƙasashen da ke tattara bayanan irin wannan haɗari, akasarinsa daga rubutu yake faruwa: an manna sunan wani a kwalbar wani, ko an ɗauko ledar gado na uku an kai gado na biyar. A ɗakin marasa lafiya na Arewa, inda za a iya samun Muhammad Abubakar biyu a jere kuma babu wanda ya riƙe ranar haihuwarsa a cikinsu, wannan ba ƙaramin abin tsoro ba ne. Nas ɗin da ta tsaya ta karanta lambar asibiti da ƙarfi kafin ta ɗaura leda, ta kuma zauna kusa da mara lafiya minti 15 na farko tana duba shi, ita ma tana cikin wannan sana'a, ko da ba a kiranta da sunan.

Sai ajiya. Jinin da aka ɗiba a ledar da aka saba amfani da ita yana yin kwana 35 ne kawai, shi ma sai in yana cikin sanyin digiri 2 zuwa 6. Firijin gida ba ya wannan aiki. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni, idan an ware su, kwana biyar suke yi, a ɗumin digiri 20 zuwa 24, cikin na'urar da ke jijjiga su ba dare ba rana. Ruwan jini kuwa sai an ƙanƙarar da shi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke kai wa digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce, wani mutum ne zai riƙa duba ma'aunin sanyi yana rubutawa safe da yamma, ya kuma samu ƙarfin zuciyar zubar da ledar da ta ɗumama alhali dangin mara lafiya na tsaye a bakin ƙofa.

Su wane ne waɗannan mutane, kuma ta ina ake zama ɗaya daga cikinsu? Hanya mafi kusa ita ce ta mataimakin ɗakin gwaji, karatun shekara uku a kwalejin fasahar lafiya. Sama da shi akwai masanin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, mai digirin shekara biyar a jami'o'i irin su ta Maiduguri, ta Bayero a Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Bayan digirin sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya karɓi lasisin MLSCN, majalisar da dokar 2003 ta ɗora wa kula da wannan sana'a, sannan ya tafi bautar ƙasa. Cikin fannonin da ake zaɓa akwai na jini da ƙarin jini, kuma shi ne ke tsaye a kan gwajin rukuni da na dacewa. A wannan mataki ne matasa da yawa kan maƙale, domin gurbin shekarar sanin makamar aiki ya yi kaɗan, wasu kan yi shekara ko fiye suna yawon neman asibitin da zai ɗauke su.

Hanyar likita ta fi tsawo: shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta horon farko a asibiti, bautar ƙasa, sannan shekara biyar zuwa shida na ƙwarewa a fannin cututtukan jini ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Shi ne ke yanke hukuncin da ya fi wuya: yaron da ke da sikila wanda aka yi ta yi wa ƙarin jini har jikinsa ya fara ƙin kowace leda, ko matar da ba ta da Rh da ke ɗauke da cikin jariri mai shi, wadda ke buƙatar allurar kariya cikin awa 72 bayan haihuwa. Irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa suke taruwa. Mafi kusa da Mubi su ne na Maiduguri da na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, wanda a da shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Akwai kuma daɗaɗɗiyar taƙaddama tsakanin likitocin da masana gwaje-gwaje kan wanda ya kamata ya shugabanci ɗakin gwaji, wadda ta sha zuwa kotu. A ganina ta cinye wa ɓangarorin biyu lokacin da ya kamata su yi amfani da shi wajen neman ƙarin gurabe.

Ranar bom ce ke shiga labarai, amma buƙatar yau da kullum ta fi ta yawa. Zubar jini bayan haihuwa na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a Najeriya, kuma yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Da damina zazzaɓin cizon sauro kan ƙarar da jinin yara ƙanana. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar nan duk shekara. Mubi kuma ba mutanenta kaɗai take ɗauka ba: marasa lafiya na zuwa daga Maiha da Michika da Madagali, har daga ƙetaren iyakar Kamaru, ga haɗurran manyan motocin da ke jigilar shanu daga kasuwarta zuwa Kudu.

A mafi yawan asibitocin ƙasar nan, yadda ake yi shi ne a ce wa dangi su kawo wanda zai bayar. Miji ya fita neman ƙanne da abokai, in bai samu ba ya faɗa hannun masu sayar da jininsu a bakin asibiti, duk da cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin jini. Wanda ke bayarwa don kuɗi yana da dalilin ɓoye ciwonsa, kuma gwajin gaggawa da ƙananan asibitoci ke dogara da shi ba ya kama cutar da ta shiga jiki kwanan nan. Maganin wannan shi ne masu bayarwa don Allah da ke dawowa a kai a kai, namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu. Tara irin waɗannan mutane ma sana'a ce mai zaman kanta, ta mai shiga makarantu da masallatai da majami'u yana wayar da kai yana ajiye rajista. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa yana da dubban matasa masu jini a jika. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikacin da aikinsa ke nan, mai albashi da abin hawa.

A Abuja an yi abin da ya shafi doka. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da tsohon sashen ƙarin jini na ƙasa cikakkiyar hukuma, kuma Farfesa Saleh Yuguda da aka naɗa ya shugabance ta ƙwararre ne a wannan fanni. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa ta tara aƙalla ledar da ta kai kashi 1 cikin 100 na al'ummarta duk shekara, wato kusan miliyan biyu ga Najeriya. Jami'an hukumar sun sha faɗin cewa abin da ake samu bai wuce kusan 500,000 ba.

Masu karanta wannan shafi da dama su ne ke rubuta wa minista takarda ko su tsara wa ɗan majalisa ayyukan mazaɓa. Firijin jini abu ne mai sauƙin sakawa a kasafi, ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto. Izinin ɗaukar ma'aikata, gurbin sanin makamar aiki, kuɗin sinadaran gwaji da ke ƙarewa duk wata, alawus ɗin da zai sa masanin gwaji ya zauna a Mubi maimakon ya nemi canji zuwa Yola ko ya kama hanyar Ingila da Saudiyya, waɗannan ba su da hoton ɗauka. Kafin a sa hannu kan sayen firiji na gaba, ya kamata fayil ɗin ya nuna masu lasisi nawa ne a ɗakin da za a kai shi, da kuma wanda ke kwana a can daren Asabar.