Farmi da Inshora: Abin da Ya Wajaba a kan Sabon Direba a Maraɗi

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta biyo ta Tsibirin Gobir, ta nufi Damagaram, ko kuwa waccan da ta fita daga Maraɗi ta yi kudu wajen Jiratawa da Ɗan Isa har iyakar Jibiya, ya ga yadda tireloli da motocin haya da kabu-kabu da adaidaita da amalanken shanu suke cuɗanya a kan kwalta guda, zai tabbata cewa matashin da ya kama sitiyari a garin nan ya ɗauki amanar da ta fi ƙarfen motarsa nauyi. Da yawa daga samarinmu a tasha suka koyi tuƙi, suna karen mota, kuma ba a raina wannan makaranta, domin ta fitar da gwanaye. Sai dai abin da take koyarwa shi ne sarrafa mota. Hukuncin hanya kuwa, da sanin wanda alhaki zai hau kansa in ƙaddara ta afku, wannan wani fanni ne dabam.

Mafarin al'amari shi ne lasisin tuƙi, wanda mutanenmu suka fi sani da farmi. Mai nema yakan shiga makarantar koyon tuƙi, ya karanci alamomin hanya da ƙa'idojinta, a jarraba shi a kansu, sa'an nan a jarraba hannunsa a cikin mota. Farmin kuwa darajoji ne: na A na babur ne, na B, wanda ake iya nema daga shekara 18, na ƙaramar mota ne wadda nauyinta da kayanta bai haura tan 3.5 ba, kujerunta kuma ba su wuce 9 ba har da ta direba. Na C na manyan motocin kaya ne. Na D na motocin jigilar jama'a. Saboda haka mai farmin B da ya hau babbar mota ya ɗauko lodin gyaɗa, a idon shari'a daidai yake da wanda ba shi da komai a aljihu. Bayan farmi sai takardun motar kanta: kat giris, wadda ke shaida mai ita da lambarta, da binyat ta haraji, da takardar binciken lafiyar mota. Waɗannan jandarma zai tambaya, kuma ba su bukatar dogon sharhi.

Wadda ke bukatar sharhi ita ce inshora, domin ita ce aka fi jahilta, har wasu suna ɗaukarta wata takarda ce da ake saye don a wuce shinge lafiya. Alhali kuwa asalin mas'alar tsohuwa ce a wurin malamanmu. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran Maraɗi da Tsibiri suke karantawa a zaure tun kaka da kakanni, an hukunta lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta tattake. Kisan kuskure kuma yana wajabta diyya, raƙuma 100 ko dinari 1000, wadda dangin mai laifi, wato aƙila, suke haɗuwa su biya cikin shekara uku, ban da kaffarar da ke kansa shi kaɗai. Hikimar ita ce kada jinin bawan Allah ya tafi a banza don kawai wanda ya zubar da shi matalauci ne. To, a yau da dangi suka warwatsu, mota kuma ta fi doki ɓarna nesa ba kusa ba, wa zai ɗauki nauyin marayun mai amalanken da aka banke a hanyar Jiratawa? A ra'ayina, gurbin nan ne inshorar dole take ƙoƙarin cikewa. Malamai sun yi saɓani a kan inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, wasu suka fifita tsarin takaful, amma da yawansu sun yi rangwame ga wadda hukuma ta tilasta.

Nijar tana bin dokar inshora ta CIMA, wadda ƙasashe 14 suka yi tarayya a kanta bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, ta fara aiki a 1995. Sashe na 200 na dokar ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, har da babur, ya ɗauki inshorar da za ta biya wanda ya cutar. A lura da kyau: wanda aka cutar take biya, ba ta gyara motar mai ita, ba ta kuma biyan raunin direban kansa, sai in ya ƙara wani sharaɗi da kuɗinsa. Tun 2011 kuma aka tsaurara cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka alkawarin “zan kawo ciko ran kasuwa” ba ya kare kowa. Abin da ya fi dacewa sabon direba ya riƙe shi ne cewa takardun nan a sarƙe suke da juna: in wanda ba shi da farmin da ya dace ya yi haɗari, kamfani zai biya wanda aka raunata, domin doka ba ta yarda a hana shi haƙƙinsa ba, amma daga baya yana da ikon ya juyo ya bi mai laifin bashin abin da ya biya. Uban da ke miƙa wa ɗansa makulli don ya kai ’yan biki Tsibiri ya kamata ya san haka.

Game da hukuncin hanya, wanda dokar 2014 ta tsara, hukumar kiyaye haɗuran hanya ta ANISER kuma take wa'azi a kansa, abu biyu zan ambata. A mararrabar da babu fitila ko alama ko ɗan sanda, wanda ya fito daga hannun damanka shi ke da hanya, ko da kuwa babur ne kai kana cikin babbar mota. Girman ƙarfe ba hujja ba ne. Cikin gari kuma gudu ba ya wuce kilomita 50 a sa'a, kuma ƙauyen da kwalta ta ratsa shi ma gari ne, musamman da almuru, sa'ad da manoman fadamar Jiratawa ke komawa gida da amalanke marar fitila, shaƙe da zogale da kayan lambu.

In haɗari ya afku, wajibi ne a tsaya, a taimaki wanda ya ji rauni, a kira ’yan sanda in cikin birni ne, ko jandarma in a waje ne, su rubuta konsta, wato rahoton haɗarin, sa'an nan a gaggauta sanar da kamfanin inshora cikin wa'adin da ke rubuce a takardar. Sulhun bakin hanya, inda dattawa ke cewa a yafe wa juna, abu ne mai kyau a addini, amma rauni yakan bayyana bayan kwana biyu, kuma in babu konsta da wuya a sami abin kafa hujja.

Mai niyyar ƙetarawa Katsina kuwa, ya sani an kafa katin inshora mai ruwan ƙasa na ƙungiyar CEDEAO a Kwatano a 1982 domin irin tafiyarsa; tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya kyautu ya je wurin kamfaninsa kafin ya kama hanyar Ɗan Isa, a nuna masa a rubuce iyakar inda inshorarsa ta tsaya.