Agadas da duwatsun Abzin: abin da baƙo daga Yamai zai gani, da yadda zai shirya tafiya

Duk wanda ya taka da ƙafa daga unguwar Zongo zuwa gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama, ya riga ya ga wani yanki na Agadas. A can ne aka ajiye busasshiyar itaciyar Tenere, wadda mota ta kayar a 1973, a can ne kuma ƙasusuwan dabbobin dauri da aka tono a jihar suke tsaye. Haka nan idan sanyi ya shigo, lemun Timiya da dankalin Bagzan su kan cika kasuwannin Yamai. To amma garin da kansa, da duwatsun Abzin da ke bayansa, da yawa daga cikinmu a hoto kawai suka san su.

Shekaru da dama Turawa ne ke zuwa buɗe ido a Agadas. Yau ƙafarsu ta ɗauke, an bar ƴan jagora da maƙera da masu otel suna jiran baƙi. Shi ya sa tambayar ta dawo kan ƴan ƙasa: me ake gani a can, yaushe ya kamata a je, kuma da wane shiri?

Garin da ayari ya gina

Agadas na da nisan kilomita wajen 950 daga Yamai, ta hanyar Dosso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Tawa da Abalak. Garin yana gindin duwatsun Abzin ta kudu, inda hanyoyin fatake suke haɗuwa tun zamanin da. An kafa masarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, kuma wajen tsakiyar ƙarnin sarakunan suka zauna a Agadas. Daga nan ayarin raƙuma ke bi gabas zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino, ya gangara kudu zuwa Damagaram, Katsina da Kano ya sawo hatsi da tufafi. Wasu kuma su yi arewa zuwa Gat da Tarabulus. Duk inda ayari ya sauke kaya ya kwana, wurin shi ne zango, kalmar da unguwar Zongo ta samo sunanta daga gare ta.

Bahaushe ba ya baƙunta a Agadas. Hausa ce harshen kasuwa da na cikin gida a tsohon gari, tare da Tamashek na Abzinawa. Gobirawa ma na ba da labarin cewa kakanninsu a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Shi ma mai jin Zabarmanci zai tsinci abinsa, domin Askiya Muhammadu na Songai ya ci garin a farkon ƙarni na 16, kuma har yanzu a Ingal ana magana da Tasawak, wani harshe ɗan uwan Zabarmanci.

A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Unguwanni 11 ne, irin su Katanga, Amdit, Obitara da Akanfaya. Lungunansu a karkace suke, domin an gina gidajen ne a kan wuraren da kowace ƙabila ta taɓa kafa tantunanta.

Hasumiya da fada

Ziyara daga babban masallaci take farawa. Hasumiyarsa mai tsawon mita 27 ita ce mafi tsawo a duniya cikin waɗanda aka gina da tubalin ƙasa zalla. Ana danganta ginin farko da Shehu Zakariyya, wajen 1515, an kuma sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka fito daga jikinta suna riƙe ginin, kuma su ne magina ke takawa idan za a yi yaɓe. A da daga samanta ake hango ayari, ko mahara, tun suna nesa. Akwai matakala a ciki, mai ƙunci, wadda ke ƙara tsukewa yayin da ake hawa. Sai an nemi izinin masu kula da masallaci, kuma ba a hawa lokacin salla. Mai ciwon gwiwa ko mai jiri gara ya tsaya daga ƙasa. Wanda ya kai sama zai ga rufin gidajen jar ƙasa, da lambunan da ke bakin korin Telwa, da shuɗin duwatsu ta arewa.

Dab da masallacin fadar Sarkin Abzin take. Mai martaba Umaru Ibrahim Umaru ne ke kan karaga tun 2012, bayan rasuwar mahaifinsa wanda ya yi sama da shekara 50 yana sarauta. Fadar na aiki har gobe, ana sasanta rigingimu a cikinta, don haka baƙo ya fara gaida dogarai ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar Juma'a da ranakun salla ne aka fi ganin fitowar sarki da algaita da mahaya. A cikin sarautun garin akwai Sarkin Turawa, wanda tun asali shi ke kula da fataken Larabawa, domin su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara.

Gidaje uku masu labari

Na farko shi ne gidan da Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a watan Oktoba na 1850. Ya tarar da naɗin Sarki Abdulƙadir, ya kuma rubuta yadda ya ga garin, da kasuwarsa, da kangayen da ya samu bayan ciniki ya ja baya.

Na biyu gidan Sidi Ka ne, wanda aka fi sani da gidan mai burodi. Bangon cikinsa cike yake da zanen ƙasa mai tudu da ƴan tagogin ajiya, irin adon da masu kuɗin garin ke yi shekara ɗari da suka wuce. An ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Bernardo Bertolucci na 1990 a cikinsa.

Na uku shi ne ginin da ya zama otel ɗin Abzin, daura da masallaci, wanda ake dangantawa da Kawsan. A watan Disamba na 1916 Kawsan da mayaƙansa, da goyon bayan Sarki Tagama, suka kewaye barikin sojan Faransa, har zuwa farkon Maris na 1917 da dakaru suka iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe mutanen gari da malamai da dama, aka watsa jama'ar Abzin. An kashe Kawsan a Murzuk ta Libiya a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Ɗan lakwal da ya karanta wannan a littafi, a nan zai tsaya a wurin da abin ya faru.

Kasuwa da maƙera

Da sassafe a nufi kasuwar dabbobi, inda ake cinikin raƙuma, jakuna da awaki, ga kantun gishirin Bilma a jere. Da hantsi a shiga wajen maƙeran farfaru. Kuros ɗin Agadas, wanda ya zama tambarin ƙasa, ɗaya ne daga cikin iri 21 da kowane ke ɗauke da sunan wani gari ko yanki. Maƙeri na fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Sai ya fasa yumɓun, ya goge, ya yi zane da hannu. Tunda kowane gurbi sau ɗaya ake amfani da shi, ba a samun biyu da suka zama daidai. Mai saye ya tambaya ko azurfa ce ko farin ƙarfe, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma dukawa masu takalma da jakunkuna, da masu sirdin raƙumi, da masu takobi. Tsarabar da ba ta da nauyi ita ce cuku da dabino. Da maraice, idan aka yi maka tayin shayi, ka zauna har kofi na uku, haka al'adar take.

Hawa duwatsu

Abzin ba tsauni ɗaya ba ne, tarin duwatsu ne baƙaƙe da kwaruruka masu ruwa a tsakaninsu. Mafi tsawo a duk Nijar yana kan Bagzan, ana kiransa Idukal-n-Tages, mita 2,022. A saman Bagzan akwai ƙauyuka da lambuna, kuma hanyar da aka saba bi ita ce ta ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya.

Timiya, kilomita sama da 200 arewa maso gabas da Agadas, ita ce aka fi sha'awa. Lambunan lemu, rumman, inabi da dabino ne a tsakiyar duwatsu, inda har yanzu wasu ke jawo ruwan rijiya da raƙumi. Kusa da garin ruwa na zubowa daga dutse cikin wani tafki, a kan tudu kuma akwai ganuwar Massu da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950. A kan hanyar Iferwan ana ratsa kangon Asode, tsohon birnin Abzin da ya riga Agadas tashe, inda bangayen gidaje da na masallaci suka rage.

Ta ɓangaren hanyar Arlit akwai Dabus, inda mutanen da suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Masana na ƙiyasta shekarunsu da dubu 6 zuwa sama, lokacin da wurin ke da ciyawa da ruwa. Masu ciwon gaɓɓai kuma sun daɗe suna zuwa Tafadek wanka da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Gabashin duwatsun da wani yanki na Tenere gandun ajiya ne mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta amince da shi tun 1991. Ba a farauta a ciki, ba a kuma tsintar kayan tarihi a tafi da su.

Yaushe za a je?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi. Rana ba ta da zafi, amma dare a kan duwatsu sanyi ne na gaske, sai da bargo da rigar sanyi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi ya yi yawa. Da damina kuma kori kan cika farat ɗaya da ruwan da aka yi a nesa, saboda haka ba a kwana a cikinsa, ba a kuma ratsa shi da mota idan yana gudu.

Mai son biki yana da uku. Biyanu na zuwa a farkon Muharram, ya kai ƙololuwa wajen Ashura: gari ya rabu gida biyu, gabas da yamma, samari da manyan rawuna suna rawa da ganyen dabino bayan tambura, a kwana a Alarsas a shigo gari da safe. A watan Satumba makiyaya Abzinawa da Fulani na haɗuwa a Ingal, kilomita 160 yamma da Agadas, domin bikin lasar gishiri. Bikin Abzin kuma a Iferwan aka saba yin sa.

Maganar tsaro da shiri

A shekarun 1980, lokacin da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa garin, jirage na sauke baƙi kai tsaye daga Turai. Tawayen farko, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na biyu daga 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, su suka kashe wannan kasuwa. Direbobi da yawa suka koma jigilar ƴan ci-rani, wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado daga 2014. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a cikin garin.

Ɗan ƙasa na shiga Agadas kullum a motocin kamfanonin sufuri, amma tafiyar doguwa ce, kuma hanyar Tawa zuwa Agadas ta daɗe tana wahalar da matafiya. A riƙe katin ɗan ƙasa a kusa saboda shingayen jami'an tsaro. Fita zuwa duwatsu kuwa wani abu ne dabam. Sai da mota kat-kat, da direba ɗan yankin, da isasshen ruwa da mai. Kafin a tashi a tambayi jandarmomi ko hukumomin jiha halin da hanya ke ciki a wannan makon, a bi abin da suka ce, kada kuma a yi tafiyar dare. Wanda ya zo da baƙo ɗan wata ƙasa ya sani cewa ana buƙatar rakiyar jami'an tsaro. Idan aka ce hanya ba ta da kyau, tsohon gari kaɗai ya isa cika kwana biyu ko uku.

Ginin ƙasa da ruwan sama

Ginin ƙasa yaɓe yake so a kai a kai, yaɓe kuma kuɗi yake ci. Ambaliyar Satumba 2009 ta rusa gidaje masu yawa a Agadas, ruwan 2024 ma ya taɓa tsohon garin, a shekarar da tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Mai gidan da ba ya samun komai daga tsohon gininsa, siminti zai saya ranar da ya samu hali, ɗan maƙerin da ba ya ciniki kuma ya kama kabu-kabu.

A nan ne baƙo ɗan ƙasa ke da amfani. Kuɗin da ya ba ɗan jagora, da na shiga gidan tarihi, da na kuros da ya saya a hannun wanda ya ƙera shi, su ke sa a ci gaba da gyara. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa, makarantu da ma'aikatan da ke shirya tafiyar hutu na iya haɗa kuɗin mota su rage tsada. Wanda ke da niyya a sanyin bana, ya fara neman mai masauki da ɗan jagora tun yanzu.