Doguwar Kalma A Gefen Hagu Na Gani

Idan mutum ya kafa idanunsa a kan ɗigo guda a tsakiyar takarda, duk abin da ya faɗo dama da ɗigon nan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke fara karɓarsa, na hagu kuwa sai ya wuce ɓarin dama, domin rabin zaren jijiyar kowane ido yakan ƙetara a wata mahaɗa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda Ibnul Haisam ya ambata a Kitabul Manazir shekaru dubu da suka shige.

A kan wannan hikima ta halitta masana suka gina gwajinsu: sukan haska kalma a gefe guda na ƙasa da humusin daƙiƙa, ta ɓace tun ido bai waiwaya ba. A shekarar 1985 Andrew Young da Andrew Ellis na Ingila suka bayyana cewa kalmar da ta faɗo dama, gajera ce ko doguwa, kusan daidai ake gane ta, alhali kuwa a hagu, gwargwadon yawan haruffanta gwargwadon kuskuren mai karatu. Fassarar da suka yi ita ce, ɓarin hagu, inda galibin mutane ke sarrafa harshe, yana ɗaukar sananniyar kalma dunƙule kamar yadda gardi ke kallon allonsa, shi kuwa na dama sai ya bi ta harafi bayan harafi irin na ƙolo mai koyon babbaƙu.

An yi musu raddi da cewa sabo ne kawai, tun da boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, hujjar da duk wanda ya san ajami ba zai raina ba. Sai dai da Michal Lavidor da abokan aikinta suka jarraba masu karanta Ibrananci, wanda daga dama ake fara shi kamar Larabci, doguwar kalma ta ci gaba da wahalar da su a hagu. A ganina wannan ya raunana hujjar sabo ƙwarai, ko da bai rushe ta ba, domin idan aka cakuɗa manyan haruffa da ƙanana, kalma ta fita daga surarta, gefen dama ma yakan fara jin nauyin tsawonta.

Likitoci sun daɗe suna ganin mas'alar nan a asibiti: wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa gefen dama na gani ya fi shan wuyar karatun boko a kan wanda ya rasa na hagu.