Wa Zai Riƙa Duba Mama Bayan An Sallame Ta?

Idan a gidanku akwai mai hawan jini ko ciwon suga, ka san yadda abin yake. Ranar da jiki ya rikice a kwashi Mama a guje zuwa babban asibiti, a kwana uku, a rubuto magani, a sallamo ku. Bayan wata biyu maganin ya ƙare, ita kuma ta ce ai ta ji sauƙi. Babu wanda ya kira ya tambaya, babu wanda ya sake auna ta. Sai wani ɗan uwa ya turo bidiyo a WhatsApp, wai ga sassaƙen da ke warkar da hawan jini cikin kwana bakwai, kai ma ka danna ka tura wa wasu.

To, irin waɗannan cututtuka ba kamar maleriya ba ne da za a sha magani na kwana uku a miƙe. Zama ake yi da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan da ba a ɗauka daga wani, irin su ciwon zuciya, daji, suga da asma, suna kashe sama da mutum miliyan 40 a kowace shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Rahotonta na 2023 kan hawan jini ya nuna kusan rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Mai irin wannan ciwo yana buƙatar wani a kusa da gida wanda ya san aikin, yana riƙe da katinsa, kuma zai gan shi wata bayan wata. Ƙwararren likita da ke birni mai nisan kilomita ɗari biyu ba zai iya wannan ba, ko da ya so.

Ruwanda ce ta nuna yadda za a yi. Ƙasar ta fito daga kisan kiyashin 1994 da ƙarancin likitoci mai tsanani, an kashe wasu, wasu sun gudu. Wajen 2006, ma'aikatar lafiyar ƙasar tare da ƙungiyar Partners In Health, wadda marigayi Dakta Paul Farmer yana cikin waɗanda suka kafa ta, suka fara buɗe ɗakunan kula da masu ciwon da ba ya warkewa a asibitocin karkara, a Rwinkwavu da Kirehe, daga baya kuma Butaro. Su wa suka riƙe ɗakunan? Nas-nas. An koya musu daidaita allurar insulin ga yaro mai ciwon suga, da ɗaukar hoton zuciya da ƙaramar na'ura don gane ko ƙofofin zuciyar sun lalace, da bibiyar wanda ke shan maganin tsinka jini bayan tiyata. Likitan zuciya yana zuwa lokaci-lokaci ya duba abin da suka gano, ya gyara inda aka kuskure, ya koma.

Nan fa hikimar take, kuma nan ne mu muka fi yin sakaci. Mun saba da horo irin na otal: kwana uku, jaka da biro, kuɗin mota, hoton rufe taro a Facebook, shi ke nan. A Ruwanda nas tana koyo ne a gaban marar lafiya, da rubutaccen tsari a hannunta da ke cewa idan ka ga kaza yi kaza, idan ya wuce kaza tura shi gaba. Bayan ta koma bakin aiki akwai mai zuwa ya zauna da ita ya ga yadda take yi. Sannan ba a ɗauke ta bayan wata shida a mayar da ita ɗakin haihuwa, a kawo sabuwa da ba ta san komai ba. Marar lafiya yana dawowa ya tarar da fuskar da ya sani, wadda ta san cewa shi manomi ne kuma ba shi da firji na ajiye insulin.

Ɗauki ciwon zuciyar da ke kama yara. Yakan fara ne da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, daga baya ya ɓata ƙofofin zuciya. Abin da ke hana shi ci gaba allurar fenisilin ce duk bayan mako uku zuwa huɗu, shekara da shekaru. Allurar ba ta da tsada. Wahalar ita ce samun wanda zai lura yarinyar ba ta zo ba wannan watan, ya aika a nemo ta.

Gwamnatin Ruwanda ta faɗaɗa tsarin zuwa asibitocin gundumominta, Malawi ma ta gwada shi a gundumar Neno. Ana kiran sa PEN-Plus, domin ƙari ne kan tsarin PEN da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 don ƙananan asibitoci. A watan Agustan 2022, a taron Lome na ƙasar Togo, ƙasashe 47 na yankin Afirka na hukumar suka amince da shi, har da Najeriya da Nijar. Cikin cututtukan da ya sa a gaba akwai sikila, kuma ka san wannan tamu ce: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, kimanin 150,000 a shekara.

Mu ma an fara wani abu. Tun 2014 Najeriya ke da manufar miƙa wasu ayyukan likita ga ma'aikatan da ke ƙasa da shi. A 2020 aka soma shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda muke kira "likita" alhali makarantar fasahar lafiya suka yi, suke auna jini su fara ba da amlodipine bisa tsari mai matakai. Wasu likitoci suna ɗaga gira, suna tsoron kada a buɗe ƙofar da kowa zai zama likita. Tsoron yana da hujja. Sai dai ka tuna wanda Mama ke zuwa wurinsa yanzu mai kemis ne na bakin layi, shi kuwa babu tsari a hannunsa, babu mai duba aikinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne magani da albashi. Nas da ta ƙware, ta auna, ta rubuta, amma kantin asibitin babu amlodipine, ko na'urar awon ba batir, me aka yi ke nan? Kuma wadda aka horar sosai ita ce ta farko da za a yi wa tayin aiki a Ingila ko Saudiyya.

Saboda haka a ƙarshen makon nan ka leƙa ƙaramin asibitin unguwarku. Ka tambaya ko suna auna hawan jini da suga, wace rana, wa ke yi, kuma ko suna buɗe wa mutum kati su ba shi ranar dawowa. In sun ce e, ka kai Mama, kai ma ka miƙa hannunka a auna. In sun ce a'a, ga abin da za ka rubuta a shafinka, ka sa sunan kansilanku da shugaban ƙaramar hukuma.