Gawo Ko Takin Buhu?

A Ingila, in Kirsimeti ta gabato, mutane su kan yi shawara: su ƙawata ɗaki da itacen gaske, ko da na roba? Mu manoman Dambatta da Bichi muna da irin wannan shawara, amma tamu ta abinci ce. Waɗansu suna cewa a sare gawon gona, tun da ga takin zamani a buhu.

To, jama'a, ku dubi halin gawo. Da damina ya kan zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuwa ya zama taki. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Takin buhu kuwa kowace shekara sai an sake biya, kuma ba ya tare iska.

Bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu, ƙasarsu ta farfaɗo. Mai hali ya zuba taki, amma gatari ya ƙyale gawo.